Muryar da Ta Dishe Ta Ƙi Komowa: Ciwon Dajin Maƙogwaro da Yadda Ake Maganinsa

Mura takan dishe murya, ihu da doguwar magana ma haka. Irin wannan dishewar ba ta wuce kwana goma ko mako biyu, sai muryar ta komo da kanta. Wadda ta kai mako uku ba ta gyaru ba, musamman ga mutumin da ya haura shekara 45 kuma yana shan taba ko ya taɓa sha, ba ƙarin maganin tari ko na ƙwayoyin cuta take buƙata ba. Leƙawa ake yi a gani da ido. Mafi yawan waɗanda aka leƙa ba a samun ciwon daji, sai kumburi, ko ɗan tsiro marar lahani, ko ɓarnar ƙwannafi. Amma ga 'yan kaɗan ɗin da ke ɗauke da shi, leƙawar nan ta minti biyu ita ke raba tsakanin wanda zai warke da muryarsa da wanda za a cire wa maƙogwaro ɗungurungum.

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiyi yawu. Abin da ya hau ya sauka shi ne maƙogwaro, wanda likitoci ke kira akwatin murya. Zakaran wuyan guringuntsi ne mai kare gabansa, a bayansa kuma igiyoyin murya biyu ke kwance. Sunan igiya ne kawai, domin naɗi ne na nama da tantani, tsawon kowanne bai fi santimita biyu da rabi ba ko a babban namiji. Idan za a ja numfashi sai su buɗe, idan za a yi magana sai su haɗu iska ta kaɗa su, wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya ga maza, kusan ninkin haka ga mata.

Aikin maƙogwaro uku ne, kuma yana da kyau a riƙe su bisa tsarin muhimmancinsu, don duk wata shawara da likitoci za su yanke nan gaba daga nan take fitowa. Na farko shi ne barin iska ta wuce zuwa huhu. Na biyu rufe hanyar huhu yayin haɗiya, kada abinci ko ruwa su faɗa ciki a ƙware. Murya ce ta uku. Majiyyaci murya yake fara tambaya, kuma ba laifinsa ba ne, amma mutum na iya rayuwa shekaru da dama ba tare da igiyoyin murya ba, alhali maƙogwaron da ba ya iya tare abinci yakan jawo ciwon huhu a kai a kai har ya kashe mai shi.

Inda ciwon ya tsiro shi ke nuna halinsa

Ana raba maƙogwaro hawa uku: bisa igiyoyin murya, inda marfin da ke rufe hanyar iska yake, sai igiyoyin kansu, sai ƙasansu zuwa farkon bututun iska. Kusan kashi 60 cikin 100 na wannan ciwo a kan igiyoyin yake farawa, wajen kashi ɗaya cikin uku a hawan sama, na hawan ƙasa kuwa ba safai ake ganinsa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 daga tantanin da ya lulluɓe cikin maƙogwaro yake tasowa.

Wanda ya fito a kan igiya shi ne mai dama-dama, saboda dalili biyu. Tsiro ko bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa ya hana igiyoyin haɗuwa daidai, don haka murya ke tona shi tun yana ƙarami. Sannan igiyoyin ba su da yawan hanyoyin da ruwan jiki ke bi zuwa kaluluwar wuya, shi ya sa yakan daɗe a wurinsa bai bazu ba. Na hawan sama akasin haka yake. Yana da filin da zai girma ba tare da ya taɓa murya ba, kuma wurin cike yake da waɗannan hanyoyi zuwa ɓangarorin wuya biyu. Alamominsa masu ruɗi ne: jin kamar wani abu ya maƙale a wuya, zafin haɗiya a gefe guda, ƙwarewa, kaki mai jini, rama, ko kuma ƙullutu mai tauri marar zafi a gefen wuya. Akwai wata alama da ake yawan wucewa, wato ciwon kunne ɗaya alhali an duba kunnen lafiyarsa ƙalau. Jijiyar da ke ɗauko saƙon zafi daga maƙogwaro tana da reshe a kunne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora zafin a can. Mai shan taba da ya yi makonni yana ɗiga maganin kunne ba sauƙi, maƙogwaronsa ya kamata a duba.

Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta nuna kusan mutum 189,000 ne suka kamu a shekarar 2022, fiye da 100,000 suka mutu, kuma maza sun ninka mata sau da yawa. Taba ce babban sanadi, ko sigari ko lofe ko shisha. Giya na biye mata, kuma idan suka haɗu ninka juna suke yi, domin giya na sauƙaƙa wa gubar hayaƙi ratsa tantani. Shaƙar ƙurar asbestos (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini) da tururin asid mai ƙarfi a masana'antu su ma an tabbatar suna jawo shi, haka shan ofiyom. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka galibi ta jima'i kuma take da babban hannu a ciwon dajin gindin harshe, rawarta a nan kaɗan ce. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko ta tari ko ta yawu ko ta cin abinci tare.

Yadda ake tabbatarwa

Wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ya shahara da ganin igiyoyin muryarsa suna motsi a 1854, da ɗan madubi da hasken rana. Har yau madubin na aiki a hannun wanda ya iya. Sai dai yanzu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya fi amfani da siririn bututu mai lanƙwasuwa, kaurinsa milimita uku zuwa huɗu, da fitila da kyamara a kansa. Ana fesa maganin kashe zafi a hanci, a zura bututun, majiyyaci na zaune idonsa biyu, a ce ya ja "iii". Abu biyu ake nema: ko akwai tsiro ko farin tabo, da kuma ko igiyoyin biyu na motsi daidai.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a sa mutum barci a ɗakin tiyata, a duba wurin da madubin ƙara girma, a gutsuro nama a kai ɗakin gwaji. A lokaci guda a kan leƙa bututun abinci da na iska, don taba ba wuri ɗaya take ɓatawa ba. Hoton CT mai allurar rini ko MRI shi ke nuna zurfin ciwon da halin kaluluwa, a haɗa da hoton ƙirji.

Ga wuraren da ake yawan tuntuɓe. Tarin fuka na iya kama maƙogwaro ya yi kama da ciwon daji sak, kuma su biyun na iya zama tare a mutum ɗaya, don haka wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka muryarsa ba ta gyaru ba bayan 'yan makonni, a sake leƙawa a gutsuro nama. Ƙullutun wuya kuma ba a tsaga shi don a ga abin da ke ciki. Da siririyar allura ake zuƙo ƙwayoyinsa, an fi so da jagorancin hoton sikanin, domin tsagawa na watsa ciwon cikin naman wuya ta dagula aikin da za a yi daga baya. Numfashi mai ƙara shi ma sau da yawa ana ɗaukarsa asma. Bambancin a bayyane yake ga mai saurare: ƙarar asma daga ƙirji take fitowa yayin fitar da iska, ta toshewar maƙogwaro kuwa daga wuya take, yayin jan iska. Wannan ta biyun ba a kwana da ita a gida. Tana nufin hanyar ta ƙuntata ƙwarai, kuma mai yiwuwa sai an huda wuya an sa bututun numfashi kafin komai.

Sakamakon gwajin nama da ya ce ba komai ba ya rufe magana idan abin da likita ya gani da ido abin zargi ne. A 1887 an gutsuro nama daga maƙogwaron yarima mai jiran gadon Jamus, Rudolf Virchow, babban masanin gwajin nama na zamanin, ya duba bai ga ciwon daji ba, aka fasa tiyatar da likitocin Jamus suka shirya. Yariman ya hau mulki a 1888 da sunan Frederick na Uku, da bututu a wuya ba ya iya magana, ya rasu bayan kwana 99. Har gobe hakan na faruwa idan abin da aka gutsuro bai kai zurfin ciwon ba. Maganin kawai a sake gutsurowa.

Bayan nan sai a ba ciwon mataki. Ga na kan igiyoyi, T1 na nufin yana kan igiya kaɗai kuma tana motsi lafiya. T2 ya miƙa sama ko ƙasa, ko motsin ya ragu. T3 igiyar ta daskare ba ta motsi sam, alamar ciwon ya nutsa cikin tsokar da ke jan ta. T4 ya fasa guringuntsi ya fita waje. Harafin N na bayanin kaluluwa, M kuma ko ya kai nesa, galibi huhu.

Idan an kama shi da wuri

A T1 da yawancin T2 magani iri ɗaya ya wadatar, kuma a T1 na kan igiya kusan mutum tara cikin goma ciwon yakan mutu a wurin. Hanya biyu ce. Ta farko tiyatar leza ta baki, wato da siririn haske mai ƙarfi da ke yankan nama: ba a yanka wuya, ana ƙone gefen ciwon a ɗauke shi da ɗan lafiyayyen nama kewaye, a sallami mutum ranar ko washegari. Ana iya maimaita ta, kuma tana ajiye hanya ta biyu, wato gasa ciwon da haske, don wata rana. Sai dai tana buƙatar baki ya buɗu sosai, wuya ya miƙe, likita ya hango wurin duka. Idan ciwon ya kai kusurwar gaba inda igiyoyin biyu suka haɗu, aikin ya fi wuya, kuma tabon na iya manne su. Murya bayan leza ta danganta da yawan naman da aka ɗiba: na sama-sama ba ya ɓata ta sosai, mai zurfi yakan bar ta da iska-iska.

Ta biyu ita ce gashi da hasken rediyoterafi, wato haske mai ƙarfi daga na'ura da ke kashe ƙwayoyin ciwon, wanda ake aunawa da ma'aunin gire. Tsarin da aka saba ga T1 shi ne gire 63 a zama 28, kullum sau ɗaya, kwana biyar a mako, wajen mako biyar da rabi. Wasu cibiyoyin na ba da gire 55 a zama 20. Ya fi dacewa idan ciwon ya kama igiyoyin biyu ko ba a iya hango shi da kyau ta baki. Abin lura shi ne cikakken gashi sau ɗaya ake yi wa wuri, idan ciwon ya dawo galibi sai wuƙa. Ga ciwon hawan sama kuwa, ko ba a taɓa ƙullutu ko ɗaya ba, ana haɗa kaluluwar wuya ta ɓangarori biyu a maganin, da gashi ko da tiyata. Barin su kuskure ne mai tsada.

Idan ya yi nisa

Nan ne shawara ke yin nauyi. Tun da likitan tiyata Theodor Billroth ya cire maƙogwaro gaba ɗaya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a ƙarshen 1873, wannan aiki ya zama abin dogaro na tsawon fiye da ƙarni guda. A 1991 aka wallafa binciken asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan mutum 332: rabi aka yi musu tiyata da gashi, rabi kuma kemoterafi (magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji) da gashi. Bayan shekara biyu yawan masu rai ya zo ɗaya, kashi 68 cikin 100, kuma kashi 64 na rukuni na biyu suna tare da maƙogwaronsu. Wani binciken da ya fito a 2003 ya nuna cewa ba da maganin kemoterafi mai suna sisfilatin a lokaci ɗaya da gashi ya fi tsare maƙogwaro: kashi 88 bayan shekara biyu, a kan 75 idan an fara da kemoterafi sannan gashi, da 70 ga gashi kaɗai. Daga nan tsarin yau ya samo asali: gire 70 a zama 35 cikin mako bakwai, da sisfilatin miligiram 100 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana ta 1, ta 22 da ta 43, ko miligiram 40 duk mako.

Abin da ake mantawa shi ne waɗannan hanyoyi ba su ƙara tsawon rai a kan tiyata ba, maƙogwaro kawai suka ceto, kuma binciken 2003 bai ɗauki masu babban ciwon da ya ratsa guringuntsi ba. Saboda haka tsare maƙogwaro na wanda maƙogwaronsa ke aiki ne har yanzu: T3, yana haɗiya ba ya ƙwarewa, yana numfashi, ƙodarsa lafiya, kuma zai iya zuwa kullum har mako bakwai. Wanda ciwon ya fasa guringuntsinsa, ko yake ƙwarewa da kowace kurɓa, ko ya riga ya dogara da bututun wuya da na abinci, cirewa ta fi masa, a bi da gashi cikin mako shida da yin aikin. Gashi na iya kashe ciwon amma ba ya gina guringuntsin da ya ruɓe. Sakamakon dagewa a irin wannan hali shi ne mutum ya tsira da maƙogwaron da ba ya magana, ba ya haɗiya, ba ya numfashi, daga ƙarshe a cire shi cikin naman da gashi ya riga ya ƙona, inda rauni ba ya saurin warkewa. A ganinmu tambayar da ta kamata majiyyaci ya yi wa likitansa ita ce: idan an bar mini maƙogwaron, zai yi aiki?

Makonnin gashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin zama na farko likitan haƙori ya duba baki, duk haƙorin da ya lalace a cikin filin gashi a cire shi aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin a fara, domin cire haƙori daga muƙamuƙin da aka gasa na iya barin ƙashi ya ruɓe. A auna nauyi, a gwada ƙoda da ji da jini. A daina taba kwata-kwata: hayaƙi na rage iskar oksijin da ke isa ciwon, gashi kuwa da oksijin yake aiki, don haka mai ci gaba da sha yana rage wa kansa damar warkewa yana ƙara wa kansa ƙuna.

Ana ƙera wa kowa ragar roba daidai fuskarsa da wuyansa, a ɗaure ta a gado don kada ya motsa. Zaman minti 10 zuwa 20 ne, ba a jin komai lokacin, kuma mutum ba ya komawa gida da wani haske a jikinsa da zai cutar da iyali. Wahalar daga mako na biyu ko na uku take farawa: gyambon baki da maƙoshi, yawu mai kauri, gushewar ɗanɗano, fatar wuya ta yi duhu ta saɓule. Takan kai ƙarshen tsanani a makon ƙarshe da mako ɗaya ko biyu bayan an gama, kuma gara a san haka tun farko don kada a zaci ciwon ne ke ƙaruwa.

Mafi munin kuskure a nan shi ne hutu. Ƙwayoyin ciwon da suka rage sukan ƙara saurin hayayyafa daga wajen mako na huɗu, kuma kowace rana da aka ƙara a kan wa'adin tana rage damar kashe ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin 100. Mako guda na "bari in huta in samu ƙarfi" asara ce da ba a gani sai bayan watanni. Idan an rasa zama, ko don na'ura ta tsaya ko don rashin lafiya, a nemi a rama shi, da zama biyu a rana da tazarar aƙalla awa shida, ko a ƙarshen mako. Zafi kuma a yi maganinsa da gaske, har da mofin, maganin zafi mai ƙarfi, idan ta kama, a sha rabin awa kafin cin abinci. Tsoron mofin ya sa mutane da yawa sun daina ci.

Jiki na buƙatar wajen kalori 30 zuwa 35 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyi a kullum, cikin abinci mai laushi, marar yaji da tsami, kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye. Rama ba ƙarfi kaɗai take ragewa ba, tana sa ragar fuska ta yi sako-sako hasken ya kauce wa inda aka auna. Idan nauyi na zubewa a sa bututun abinci ta hanci ko ta ciki ba tare da jinkiri ba, amma ko da bututu a ci gaba da haɗiyar wani abu kullum, ko kurɓar ruwa ce, don tsokar da aka bari ba aiki cikin gashi takan sandare. A riƙa kuskure baki sau da yawa a rana da ruwa lita ɗaya da aka zuba wa ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na garin soda na girki (bekin soda), a guji maganin wanke baki mai sinadarin barasa.

Sisfilatin ƙoda da kunne yake taɓawa. A sha ruwa sosai, a guji ibufurofen da dikulofenak da allurar jentamaisin, a faɗa wa likita nan take idan kunne ya fara ƙara ko fitsari ya ragu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a lokacin kemoterafi na asibiti ne a daren, ba na jiran safiya ba. Ga wanda ya haura shekara 70 ko ƙodarsa ke da rauni, amfanin sisfilatin kan ragu, illarsa ta ƙaru, sai a nemi madadinsa ko a yi gashi kaɗai.

Rayuwa bayan an cire maƙogwaro

A wannan aiki ana raba hanyar iska da ta abinci har abada. Ana ɗinke bakin bututun iska a fatar gindin wuya ya zama ƙofa, maƙoshi kuma a ɗinke shi ya zama hanyar abinci zalla. Mutum ba zai sake ƙwarewa ba, amma hanci da baki ba su da sauran alaƙa da huhu. Wannan ya bambanta da bututun wuya na wucin gadi, inda maƙogwaro ke nan. Iyali da ma'aikatan gaggawa dole su san haka: oksijin a wuya ake sa shi, hura iska yayin ceto ma ta wuya ake yi, abin da aka ɗora a fuska banza ne. Ya kamata mutum ya riƙa yawo da kati mai wannan bayani.

Ana ciyarwa ta bututun hanci kwana 7 zuwa 10, ko mako biyu zuwa sama ga wanda aka taɓa gasawa. Matsalar da aka fi tsoro ita ce ɗinkin maƙoshi ya ɓalle yawu ya ɓullo ta fatar wuya, galibi a ƙarshen mako na farko ko cikin na biyu. Zazzaɓi, ja da kumburin wuya ke fara nuna ta. Gashin da aka taɓa yi wa wuya, rama, ciwon sukari da raunin tayirod (halittar da ke gaban wuya mai sarrafa kuzarin jiki) su ke ƙara haɗarinta. Yawanci tana rufewa da wanki da haƙuri, wani lokaci sai an ɗauko tsoka daga ƙirji an toshe.

Hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta ya tace ƙura. Da ya fita daga lissafi, busasshiyar iska na shiga huhu kai tsaye, majina ta yi yawa ta bushe ta zama ɓawon da ke iya toshe ƙofar. Maganin wannan ɗan matacin soso ne da ake mannawa a bakin ƙofar, mai riƙe danshin numfashi, a sauya shi duk awa 24. Idan babu shi a rufe da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi. Ana share ƙofar aƙalla sau biyu a rana da ruwan gishirin asibiti da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Auduga, hoda da man shafawa mai maiƙo ba sa kusantar wurin. Wanka da kariya a wuya, iyo kuwa an bar shi, don ruwa zai zuba huhu ba abin da zai tare shi. Jin ƙanshi na raguwa tunda iska ba ta bi ta hanci, amma ana koyon dawo da shi ta yin kamar hamma baki a rufe, abin da ke jawo 'yar iska ta hanci. Yunƙuri da ɗaga kaya masu nauyi ma sukan yi wuya, saboda ba a iya riƙe numfashi, shi ya sa ake guje wa taurin bayan gida.

Magana tana dawowa, kuma ta hanya uku. Wadda ta fi ba da murya mai kama da ta asali ita ce bawul, wato ɗan ƙaramin marfi, da masana biyu Mark Singer da Eric Blom suka bayyana a 1980: ana huda 'yar ƙofa tsakanin bututun iska da na abinci a sa bawul na silikon mai buɗewa gefe ɗaya. Mutum ya toshe ƙofar wuya da yatsa, iskar huhu ta bi ta bawul ta kaɗa naman maƙoshi, harshe da leɓe su mayar da sautin kalmomi. Ana goge shi da ɗan buroshinsa safe da yamma. Yakan yi 'yan watanni kafin funfuna ta hana shi rufewa, alamar kuwa tari duk lokacin shan ruwa. Yoyo ta tsakiyarsa na nufin a sauya shi, yoyo ta gefensa na nufin hudar ta faɗaɗa ko tsawonsa bai dace ba. Idan ya fita, hudar na iya rufewa cikin awoyi, don haka a zura siririn bututun roba da aka tanada a ɗaure shi, a tafi asibiti, a kuma tabbatar bawul ɗin bai faɗa huhu ba. Wanda ke nesa da inda ake sauyawa ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi wannan hanya. Ta biyu 'yar na'ura ce mai batir da ake dannawa a wuya, sautinta kamar na inji amma ana koyonta cikin kwanaki. Ta uku ita ce tura iska cikin bututun abinci a fito da ita kamar gyatsa ana magana. Tana cin watanni kuma ba kowa ke iyawa ba, sai dai wanda ya iya ba ya buƙatar sayen komai har abada. Gara a haɗa majiyyaci da mai koyar da magana, da wani da aka taɓa yi wa aikin yana magana, tun kafin ranar tiyata. Mutane da yawa da suka ƙi aikin sun ƙi ne don sun ɗauka shiru ne na har abada.

Bibiya

Yawancin dawowar ciwon cikin shekara biyu na farko take faruwa. Shi ya sa ake ganin likita duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, duk wata biyu zuwa shida a ta biyu, duk wata huɗu zuwa takwas har shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara, kuma kowace ziyara da leƙawa. Hoton tantance sakamakon gashi da kemoterafi wajen mako 12 bayan gamawa ake ɗaukarsa, don kafin nan kumburi na ruɗar hoton. Duk wanda aka gasa wa wuya a riƙa auna masa tayirod duk wata shida zuwa shekara: kasala, jin sanyi, kumburin fuska da ƙiba bayan magani sau da yawa daga nan suke, kuma ƙwaya ɗaya a rana ke gyara su. Huhu da bututun abinci ma a sa musu ido, tunda hayaƙin da ya ɓata maƙogwaro ta nan ya wuce.

Idan ciwon ya dawo bayan gashi, tiyata na iya warkar da shi har yanzu muddin an gan shi da wuri. Idan ya bazu nesa, akwai kemoterafi da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su fembirolizumab da nibolumab, masu tsawaita rai ga wasu, tare da kula da zafi, numfashi da abinci. Sabon ciwon kunne, sabon ƙullutu, jini, wahalar haɗiya ko numfashin da ya sauya ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati, a koma asibiti a makon.